Bishiyar Inuwa a Kano: Tsakanin ta Ƙasashen Sanyi da ta Ƙasashen Zafi

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bakin titi a Kano da ƙarfe biyu na rana a cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 har ya ɗara, ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar inuwa. Abin da yake bukatar bayani shi ne wace bishiya ce za ta ba shi inuwar a daidai wannan watan, domin a nan ne masu sababbin gidaje da yawa suke yin kuskure. Wani maƙwabcina da ya yi shekaru yana karatu a Ingila, da ya kammala gininsa sai ya nuna mini hoton wani titi da bishiyoyi suka yi wa rumfa, ganyensu ya rine ja da ruwan ɗorawa, ya ce irin waɗannan yake so a ƙofar gidansa, har ma ya sa an taho masa da irinsu a cikin takarda. Wasu sun tsiro kuwa a cikin hunturu, suka fitar da 'yan ganyayyaki masu ban sha'awa, amma kafin ruwan farko ya sauka babu ko ɗaya da ya rage, duk da cewa bai taɓa fashin ban ruwa ba.

Laifin ba na hannunsa ba ne, na halittar bishiyar ne. Bishiyoyin inuwa na ƙasashe masu matsakaicin yanayi, wato irin su ok da lindin da elim da filen na Turai, da mapul wadda ganyenta yake jikin tutar Kanada tun 1965, babban abokin gabarsu shi ne sanyi. Dukkan tsarin rayuwarsu an gina shi ne a kan yadda za su tsallake watannin da ruwan ƙasa yake daskarewa, saiwa ta kasa jan komai. Saboda haka idan kakarsu ta shigo sai su janye abincin da ke cikin ganye su ajiye shi a cikin rassa da saiwoyi, koren ganyen ya gushe, sauran launukan da ke ɓoye ko waɗanda suke samuwa a lokacin su bayyana, sannan ganyen ya zube, bishiyar ta shiga wani irin dogon barci. Wannan jan da ruwan ɗorawar da ya ɗauki hankalin maƙwabcina, alamar shirin barci ce. Bishiyoyinmu kuwa abokin gabarsu fari ne, kuma duk dabarunsu, daga tsawon saiwa zuwa kaurin ɓawo da ƙanƙantar ganye, na jure wata bakwai ko takwas ba tare da ɗigon ruwan sama ba ne.

Abu biyu ne suke gaya wa bishiyar ƙasar sanyi lokacin kwanciya da lokacin tashi, kuma duka biyun Kano ba ta da su. Na farko shi ne tsawon yini. A Landan yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, sannan ya ragu zuwa ƙasa da awa 8 a watan Disamba, kuma da wannan babban bambancin ne bishiyar take gane cewa sanyi ya gabato. Kano tana kusan digiri 12 ne a arewacin layin da ya raba duniya biyu, don haka tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a wurinmu tazarar ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, abin da bai isa ya zama saƙo ga bishiyar da ta saba da tazarar awa takwas ba. Na biyu shi ne adadin sanyin da dole ta sha kafin ta farka. Idanun tohonta ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun tara ɗaruruwan awoyi, wasu ma fiye da dubu, a cikin sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 7. Hunturunmu da muke kuka da shi, muna ƙudundunewa a bargo muna jin wuta da asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma da hantsi ya ɗaga rana ta dawo da ƙarfinta. Sakamakon haka shi ne bishiyar ta rasa gane inda take, ba ta yi cikakken barci ba, ba ta kuma yi cikakkiyar farkawa ba, wani reshen ya yi toho wani ya ƙi, ta riƙa cin abincin da ta tara har ya ƙare.

Wanda ya je Jos ko tsaunin Mambila ya ga tuffa da dankalin Turawa da ganyen shayi suna yi, yana iya cewa ai ga shi ana samu a Najeriya. Amsar ita ce tsayin wurin ne ya kawo sanyin, domin Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Mambila kuma ta fi haka, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Ko a can ɗin ma, irin tuffar da ake nomawa mai ƙarancin bukatar sanyi ce. Haka kuma doguwar bishiyar nan mai ganye kamar allura wadda take fito idan iska ta kaɗa, da ake gani a wasu tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati, mutane kan ɗauke ta a matsayin bishiyar Turai saboda kamarta, amma asalinta daga Ostareliya da gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya take, wato 'yar ƙasar zafi ce da ta yi shigar mutanen sanyi.

Batun ruwa ya fi ba da mamaki. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara kusan milimita 600 ne, kuma a yawancin shekaru wanda ke sauka a Kano ya fi wannan yawa. Sai dai nasu yayyafi ne da yake rarrabuwa a kan watanni goma sha biyu a ƙarƙashin gajimare da iska mai laima, namu kuwa yakan zubo ne kusan gaba ɗaya daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sannan rana da busasshiyar iskar hunturu su tsotse abin da ya rage. Ganyen mapul ko na lindin faffaɗa ne kuma siriri, yana fitar da ruwa da yawa, don haka idan iskar bazara ta buge shi sai gefensa ya ƙone kamar an kara shi a wuta, ko da kuwa gindin yana cikin danshi, saboda saiwar ba ta iya aiko da ruwa da saurin da ganyen yake asararsa. A dubi ganyen tsamiya ko na gawo a ga yadda aka yanka shi ƙanana-ƙanana, ko a shafa na mangwaro da na ceɗiya a ji kaurinsa da santsinsa, za a gane cewa kowannensu yana tattalin ruwa ne. Ta ƙarƙashin ƙasa ma haka abin yake, domin tsamiya da gawo da darbejiya sukan fara tura saiwa can ƙasa neman danshi tun kafin su damu da tsayi.

Akwai kuma wani bambanci da ya shafi manufar dashen kanta. A Turai da arewacin Amurka zubar ganye ba aibi ba ne, alheri ne, domin mai gida yakan dasa bishiyar a kudancin ɗakinsa ta tare masa rana a watannin zafi, idan sanyi ya zo kuma ta tuɓe ta bar hasken ya shigo ya ɗumama masa ɗaki. A Kano lissafin a juye yake, tun da lokacin da muka fi matsuwa da inuwa, wato daga Maris zuwa Mayu, shi ne ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa kuma bishiyoyi da yawa suke tsirara. Saboda haka kasancewar bishiya 'yar ƙasar zafi bai isa ya sa ta cancanta ba. Kuka tamu ce gaba da baya, ga miya ga kwalba da nono, amma duk tsawon rani rassa ne kawai a tsaye, sai damina ta kusa take yin toho. Malaina tana saurin girma, tana da faffaɗan ganye, amma ita ma takan kakkaɓe shi a rani ta bar mai gida da shara da rana. Gawo shi ne ya saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, abin da ya sa manoma suke ƙaunarsa a gona domin ba ya tare wa gero rana kuma ganyensa taki ne, sai dai inuwarsa ba ta da duhu, ga ƙaya, ga shi yana son fili, don haka ya fi dacewa da gona ko makiyaya a kan tsakar gida.

Idan aka tace da wannan ma'aunin na watan Afrilu, darbejiya ce take fara zuwa, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro. Mun saba da ita har muna ganin kamar da ita aka kafa gari, alhali baƙuwa ce daga Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno kafin ta bazu ko'ina a Arewa. Alhazai sun san ta a filin Arfa, inda aka dasa dubbanta don mahajjata su sami mafaka. Takan rage ganye na ɗan lokaci a ƙarshen hunturu, amma nan da nan sabo yake fitowa tare da fararen furanni masu ƙamshi, ta yadda zafi zai same ta a shirye. A shekara uku zuwa huɗu, idan ta sami kulawa, ana iya shimfiɗa tabarma a gindinta, kuma bayan ta kama ƙasa ba ta neman komai daga wurin kowa. Tana jure sara, ana iya datse ta gaba ɗaya ta sake tofowa. Aibinta kuwa sananne ne ga duk wanda yake da ita: 'ya'yanta suna jawo jemagu su ɓata bango da mota, ƙwallayen suna tsirowa a kowane lungu, saiwoyinta na sama suna ɗaga daɓe idan an matse ta da gini, kuma ba ta son wurin da ruwa yake kwanciya, don haka wanda filinsa yake kusa da kududdufi ko a cikin fadama ya nemi wata.

Maɗaci shi ne nake ganin ya fi kusa da abin da maƙwabcina ya gani a hoto, wato bishiya mai tsayi da kwarjini wadda take yi wa titi rumfa. Tsofaffin titunan Nasarawa da Bompai shaida ne, inda waɗanda aka dasa tun zamanin Turawa suke nan har yanzu a wuraren da faɗaɗa hanya bai cinye su ba. Yana iya kaiwa mita 30, inuwarsa mai faɗi ce kuma tana daga sama, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinta, katakonsa kuma mai daraja ne. Amma ba ya sauri kamar darbejiya, yana son ƙasa mai zurfi da ɗan danshi, kuma yana ƙarami akwai wata tsutsa da take huda kan tohonsa ta sa ya rabu biyu ko uku maimakon ya miƙe, sai an zaɓi reshe ɗaya mafi ƙarfi an cire sauran. Babbar musibarsa ita ce mutane. Saboda ɓawonsa magani ne, da wuya a ga maɗacin bakin hanya da ba a sassaƙe shi ba, kuma idan sassaƙar ta zagaye gindin gaba ɗaya to an yanke hanyar da abinci yake bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar da ta shekara saba'in sai ta bushe a tsaye. Wanda zai dasa maɗaci a waje da katanga, ya shirya zama mai gadinsa.

Tsamiya kuwa ita ce takwarar ok a wajen haƙuri da tsawon rai. Baturen da ya dasa ok ya san jikokinsa yake yi wa aiki, haka ma wanda ya dasa tsamiya, domin takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin inuwarta ta zama abin a zo a gani. Idan ta kafu kuwa, babu kamarta: ganye kusan duk shekara, inuwa mai sanyi da duhu, rassa masu tauri da guguwa ba ta cika karyawa ba, ga 'ya'ya na kunu. Ba na mantawa da cewa wasu suna ƙin ta a cikin gida saboda camfin da ake yi a kanta na iskoki, kuma wannan ya rage ga mai gida, amma ta fuskar gini da ɗorewa ban san abin da za a zarge ta da shi ba face jinkiri.

Ceɗiya da durumi su ne bishiyoyin zaman majalisa na asali a birni, kuma sunayen unguwanni sun riƙe wannan tarihin, kamar Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kamar yadda Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Gawuna da Kawo suke tuna mana abin da ke tsaye a wuraren kafin gini ya mamaye su. Dasa su ba wuya, reshe mai kauri ake sarowa a kafa a rami gab da damina ya kama, kuma ganyensu abincin dabbobi ne da rani. Inuwarsu ta fi ta kowa kauri. Sai dai saiwarsu mafarauciyar ruwa ce, tana bin danshi har cikin sokawe da rijiya da bututu, tana tsaga harsashin gini a hankali ba tare da an lura ba. A da, lokacin da gidaje na ƙasa ne kuma ƙofar gida tana da fili, wannan bai zama matsala ba. A yau da ake yanka fuloti ƙafa 50 da 50, ni ba zan ba kowa shawarar dasa su ba sai in akwai tazarar aƙalla mita 10 tsakaninsu da gini, abin da ya mayar da su bishiyoyin masallacin Idi, makaranta, kasuwa da maƙabarta.

Mangwaro, wanda shi ma asalinsa daga Indiya ne, yana ba da inuwa mai duhu duk shekara tare da abin lasawa a daidai tsakiyar zafi, kuma mai aure ba ya yin girman da zai gagari tsakar gida. Yana bukatar ruwa fiye da duk waɗanda aka ambata, musamman a shekarunsa na farko, kuma wanda ya dasa shi kusa da katanga ya san zai sha jifa a kan kwanonsa. Su kuma bishiyoyin ado da suka cika wuraren masu sayar da dashe a gefen manyan tituna, a yi hattara da su. Wadda ake kira ambirela, mai rassa hawa-hawa, 'yar Madagaska ce, tana da kyau da saurin tashi, amma saiwarta a sama take kuma tana rage ganye idan ban ruwa ya yi ƙaranci. Siririyar doguwar nan da ake jerawa a jikin katanga, wadda rassanta suke zubowa ƙasa, ado ce kawai, inuwarta irin ta giginya ce da na nesa ka sha. Turare, ɗan Ostareliya, ya yi amfani a shingayen tare iska da aka yi a wajen Dambatta, amma a cikin gida yana shanye danshin ƙasa, ba abin da ke yin kirki a gindinsa, kuma yakan saki reshe ba zato.

A wajen kulawa ma hanyoyin biyu sun rabu tun daga ranar dashe, kuma wannan yana da muhimmanci ga masu koyon aikin lambu daga bidiyon intanet da aka ɗauka a Turai ko Amurka. A Ingila ana dasa bishiya ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da take barci, har ana iya tumɓuke ta a kakkaɓe ƙasar saiwarta a yi tafiya da ita haka nan. Wanda ya gwada wannan a Kano ya kashe dashensa, domin tamu ba ta da lokacin barci irin wancan, dole ta zo a cikin leda da ƙasarta. Lokacinmu shi ne bayan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin ta sami wata biyu ko uku na ruwan sama kafin ɗaukewa. Dashen da aka yi a Satumba don a ɗauki hoto, yawanci awaki da rana ne suke gadonsa. A haƙa rami kamar rabin mita a faɗi da zurfi, in an tarar da marmara a fasa ta, a gauraya ƙasar sama da takin da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A yaga ledar a cire ta gaba ɗaya, a duba ko saiwar ta nannaɗe a gindin leda a warware ta, kuma kada a binne wuyan dashen fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da. Ƙaramin dashe mai lafiya ya fi babba wanda ya daɗe a leda, ko da yake ido ya fi son babban.

Rani biyu na farko su ne jarrabawa. Yayyafa ruwa kaɗan kullum yana koya wa saiwa zama a sama, inda rana za ta dafa ta. Abin da ya fi shi ne a yi wa gindin ɗan kwari a zuba kamar jarka ɗaya mai lita 20 da yamma, sau biyu a mako, a ƙara zuwa uku a tsakiyar bazara, domin ruwan ya nutse saiwar ta bi shi. A unguwannin da ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa, ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ya wadatar idan aka karkata shi zuwa gindin, muddin ba mai yawan omo ko gishiri ba ne. Turawa suna lulluɓe gindin bishiya da ɓawon itace ko busasshen ganye don riƙe danshi, kuma dabara ce mai kyau a nan ma, sai dai mu muna da gara, wadda ba ta dame su ba. Don haka a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin ciyawar da jikin dashen, a riƙa barbaɗa toka, a kuma tuna cewa gara ta fi kama dashen da ƙishirwa ta riga ta raunana. Shinge kuwa ba zaɓi ba ne a garin da awaki da tumaki suke yawo, ko na bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, ko na waya, ko na ƙaya, kuma ya zauna har sai kan bishiyar ya wuce inda akuya take kaiwa idan ta miƙe a kan ƙafa biyu.

Wajen datsa ne nake ganin ya kamata mu yi koyi da mutanen ƙasashen sanyi, ba a lokacin yin ta ba, a tsarinta. Su suna datsa ne a cikin sanyi, kuma a biranen Faransa akwai bishiyoyin filen da ake yi wa aski a wuri ɗaya shekara da shekaru don kada su wuce iyakar da aka yanka musu. Mu kuwa mukan bar bishiya ta yi yadda ta ga dama har sai ta taɓa wayar lantarki ko ta hau kan kwanon maƙwabci, sannan a kira mai gatari ya yi mata kaca-kaca, ya bar kututture a tsage ruwa yana shiga yana ruɓar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekaru uku na farko a bar mata jiki ɗaya miƙaƙƙe, a riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan da zarto, a yanka daf da mahaɗar reshen ba tare da an ci jikin uwar ba. Babbar datsa ta fi dacewa da hunturu, lokacin da ba a bukatar inuwa sosai kuma ciwon yana saurin bushewa, ta yadda darbejiya za ta sake rufewa kafin zafi. Mangwaro kuma bayan an gama cire 'ya'yansa ake rage shi. Kafin guguwar farkon damina a sake dubawa a sauke duk busasshen reshe, idan kuma an ga kauci ya ɗare wani reshe a sare shi tun daga bayan inda ya kama, domin tsotse bishiyar yake yi kuma tsuntsaye suna yaɗa shi. Masu shimfiɗa intalok ko siminti har jikin gindi su ma su sani cewa shaƙe ta suke yi, a bar mata da'irar ƙasa aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe.

Akwai wani abin da ya faru da Turawa wanda ya kamata hukumomi da masu manyan filaye su yi la'akari da shi. Daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta da ƙwaro yake ɗauka daga bishiya zuwa bishiya ta kashe elim fiye da miliyan 25 a Birtaniya, kuma garuruwan Amurka da suka jera elim kaɗai a titunansu sun wayi gari babu inuwa. Kano ta jingina da darbejiya kusan irin wannan jinginar, alhali an taɓa ganin wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabe ta a yankin tafkin Cadi a shekarun 1980. Shirin babbar koriyar ganuwa, na dasa bishiyoyi don tare kwararowar hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda jihar Kano take cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, da ma duk wani dashen makaranta ko na titi, zai fi aminci idan aka cakuɗa darbejiya da maɗaci da tsamiya da kanya da ɗorawa maimakon a zuba iri ɗaya saboda shi ne mai sauƙin samu.

Ga mai ƙaramin fuloti, zaɓina shi ne darbejiya ɗaya a ƙofar gida da tazarar mita 5 ko 6 daga harsashi da sokawe, da mangwaro mai aure a ciki idan akwai ruwa. Ga mai faffaɗan fili, ya dasa darbejiya don yau, ya sa tsamiya ko maɗaci a nesa da ita kaɗan don gaba, idan na bayan ya kawo ƙarfi sai a rage ta farkon. Wurin da za a sa ta kuma kada a kwaikwayi littafin Turai da yake cewa kudu, domin a watannin zafinmu rana ta tsakiyar ka take bi, kuma bangon da yake shan wuta har ya hana barci da dare shi ne na yamma, sai na gabas ya biyo baya. Maƙwabcin nawa a yammacin ɗakinsa ya haƙa sabon rami a watan Yulin da ya biyo, ya sa maɗaci, ya kewaye shi da bulo, kuma bana kansa ya leƙo saman katanga.